Kai Kaɗai Ake Jira

Watan nan ya cika shekara shida da rasuwar Malam Sabi'u, abokina tun muna kiwon awaki a bayan gari. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ba irin wanda ake faɗa a kan mamaci ba ne. Akan ce wane ya gina masallaci, wane ya riƙe marayu. Shi ma yana da alherinsa irin wannan, waɗanda suka sani sun sani. Ni abin da nake tuna shi da shi wasa ne, da wata magana guda da har yau ban san a gefen da zan ajiye ta ba, gefen alherinsa ko gefen abin da ake nema masa gafara.

Malam Sabi'u malamin firamare ne a ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta. Wata shekara aka turo musu ɗan bautar ƙasa daga kudu, ya nuna masa wani wasa da ake yi da littafi da ɗan lido: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ɗan lido a ga ko ya yi nasara. Malam ya ce dodannin littafin ba namu ba ne, ya mayar wa mai shi. Sai ya ƙirƙiro nasa: ayarin fatake na zamanin kakanni, ya tashi daga Kano za shi Gwanja sayen goro. Shi ne madugu, shi ke faɗin abin da ke kan hanya.

Mu huɗu ne 'yan ayarin. Akwai ni Haladu, tela. Akwai Garba direba, mai jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano. Akwai Alhaji Tanko, mai sayar da hatsi a kasuwanni. Sai Malam Inuwa, mai koyar da Alƙur'ani a unguwarmu. Malam Inuwa ya ce shi ba zai zauna inda ake jefa ɗan lido ba, don haka aka koma wake. Madugu zai zuba fari da ja a cikin hularsa, ka sa hannu ba tare da ka duba ba. Ka zaro fari, abin da ka nufa ya yiwu. Ka zaro ja, sai abin da Allah ya yi. In aikin mai wuya ne sai ya ƙara ja.

Abin da ya ba ni mamaki tun farko, kowa abin da ba shi ba ya zaɓa. Alhaji Tanko mai rumbuna ya zama bara mai dafa wa ayari tuwo. Malam Inuwa, wanda ko kaza sai ya yi ta jan rai kafin ya yanka, ya zama mai takobi. Ni da ba na iya ɗaga murya a taro na zama maroƙin ayari. Garba kaɗai ya tsaya kusa da sana'arsa, ya zama jagaba, ya ce ko a labari ba zai yarda wani ya nuna masa hanya ba. Malam Sabi'u zai gyara zama ya ce, “Kun iso bakin rijiya. Ga mutum uku da kwari da baka, kun yi sallama ba su amsa ba. Me za ku yi?” Sai ka ga magidanta huɗu masu furfura sun haɗa kai suna raɗa, kamar mutanen can za su ji.

Ya kamata in faɗi irin shekarun da muka yi wannan. Shekaru ne da abinci ya yi tsada har mudun gero ya gagari mai albashi, taki ya zama sai wane da wane. Gonakinmu kuwa ƙanana ne, manne da juna, ba wanda nomansa ke kai shi wata damina. Kowa ya ƙara wata nema a kan tasa. Malam Sabi'u da kansa yakan tashi daga makaranta ya wuce gona, albashi ya yi jinkiri ya koma ɗaurin kara yana sayarwa. Akwai lokacin da matarsa ta kwashe waken wasan ta zuba a tukunya, muka koma tsakuwa fara da baƙa har kaka ta yi. A irin wannan hali, mutum biyar masu iyali su zauna daga la'asar zuwa magariba suna kora jakunan da babu su, sau biyu a wata, har shekara huɗu, har da damina. Yanzu in na faɗa wa mutane sai su ga kamar ƙari nake yi.

Kuma ranakunmu ba sa haɗuwa. Garba ba shi da ranar hutu, motar ma ba tasa ba ce. Alhaji yana bin kasuwanni, yau yana nan gobe yana Zakirai. Malam Inuwa ba ya barin ɗalibansa sai Alhamis da Juma'a, su ma ɗaurin aure da suna sun cinye su. Ni kuma in salla ta matso ko abinci a kan keken ɗinki nake ci. Ga shuka, ga noma, ga maimai, ga cirar gyaɗa, duk a kanmu lokaci guda.

Ga yadda Malam Sabi'u yake tara mu. Zai iso ƙofar shagona a kan kekensa, ba ya sauka, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya ce, “Tela, Laraba bayan la'asar. Kowa ya amsa, kai kaɗai ake jira.” Ban taɓa jin ya tambaye ni ko ina da sarari ba. Ni kuma in dubi tulin ɗinkin da ke gabana, in ji nauyin a ce mutum huɗu sun ajiye aikinsu ni ne na hana, sai in ce, “To, tunda kowa ya amsa.” Ya danna feda ya wuce. In wani ya kasa zuwa, abin da ba safai yake faruwa ba, sai a bar mutuminsa na cikin labari yana gadin jakuna a zango, a yi ta yi masa tsiya da shi har wani zaman.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Malam Sabi'u kwana tara, ana cikin girbin gero, shi ne ajalinsa. Ranar uku da rasuwarsa, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, masu gaisuwa sun ragu, sai Garba ya share ido da hannun riga ya ce, “Allah ya yafe mini, na wahalar da bawan Allah nan. Kullum ni ne na ƙarshe. Sai ya gama da ku duka sannan ya biyo ni tasha a kan keke.”

Alhaji Tanko ya juyo ya dube shi. “Kai dai Direba ka cika son girma, har a makoki. Ni ne na ƙarshe. Ni yake cewa ana jira.”

Malam Inuwa yana jan carbi, bai ɗago ba ya ce, “Ni ma haka yake ce mini.”

Suka dube ni. Suka ga amsar a fuskata. Garba ya cire hula ya toshe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa, ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Da ya samu numfashi ya ce, “Allah gafarta Malam, to mene ne hukuncin wannan?”

Malam Inuwa ya ajiye carbinsa. Ya ce, “In ya faɗa wa mutum huɗu, na huɗun dai gaskiya aka faɗa masa. Ku ukun sai ku yafe masa.”

Garba ya ce, “Mu ukun? Wato kai ne na huɗun ke nan?”

Muka yafe masa a wurin, muka shafa. Amma ni abin bai bar ni ba. Wannan mutum ne da in ɗalibi ya yi masa ƙarya yakan kira uban yaron su zauna. Mutum ne da aka taɓa kira shaida a kan iyakar gona ya faɗi abin da ya sa ƙanin mahaifinsa ya daina gaisawa da shi shekara biyu. Ta yaya zai dube ni ido cikin ido, sau biyu a wata, ya faɗa mini abin da ya san ba haka ba ne? Kuma a kan me? A kan wasa.

Bayan mai ɗakinsa Hajara ta fita takaba, ta kawo mini ɗinkin yara. Na daure na tambaye ta ko ta san ta inda yake farawa in zai tara mu. Ta ce, “Ai da kai yake farawa, Malam Haladu. Kullum.” Na ce me ya sa? Ta ce, “Oho. Cewa dai yake in ya samu naka, sauran hanyar gangara ce.” Ta ɗauki mayafinta ta tafi, ta bar ni da almakashi a hannu. Ashe ni ne wanda ba a taɓa faɗa wa gaskiya ba ko sau ɗaya. Lokacin da yake ce mini kowa ya amsa, babu wanda ya amsa, ko mutum guda. Shin don ya ga ni ne mai sauƙin ruɗi? Ko don ni ne ya fi amincewa ba zan ba shi kunya ba? Wata rana in ji haushi, wata rana in ji kamar girmama ni ya yi. Shekara shida ina juya wannan, bai zauna a gefe ɗaya ba.

A tsawon shekarun nan na yi ƙoƙarin tara mu, kuma na yi niyyar in yi da gaskiya. Sai in je wa Garba in ce, yaushe kake da sarari? Ya ce in tambayi Alhaji, duk ranar da ya sa shi mai zuwa ne. Alhaji ya ce in ji daga bakin Malam Inuwa tukuna. Malam ya ce shi ai a gida yake, direba ne mai yawo, a fara da shi. In koma wa Garba, ya ce wancan satin da ya wuce ne yake da sarari. Ba wanda ya taɓa ce mini a'a. Duk cikinmu ba wanda ba ya so. Ɗan Alhaji ya buɗe mana guruf a waya, aka sa masa suna Ayari. Wayar Malam Inuwa ƙarama ce, ba ta shiga. Mu ukun da ke ciki kuwa, in na rubuta rana sai a amsa da “Allah ya kai mu”, ranar ta zo ta wuce, wani ya turo hoton barka da Juma'a.

Nakan tambayi kaina me Malam Sabi'u zai ce da ya ga yau. A zamaninsa sai ya taka keke ya nemo mutum a tasha ko a gona. Yanzu kowa yana aljihun kowa, ka danna ka same shi, amma zama ya gagara. Wahalar da muke kuka da ita a lokacin, yau mutane suna kiranta lokacin sauƙi. Wataƙila zai ce mun yi lalaci. Wataƙila kuma zai ce ya isa haka, magidanci ya nemi abin da zai kai gida, wasa ya wuce da lokacinsa. Ban sani ba. Na ɗauka na san shi fiye da kowa, sai ga shi ko abin da yake nufi da gangara ban gane ba.

Bana da bazara Alhaji Tanko ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Ya'yansa suka karɓi harkar hatsi, shi kuma aka shimfiɗa masa katifa a zaure. Na je duba shi. Harshensa ya yi nauyi, sai ka matsa kusa kake ji. Ya kama hannuna da hagunsa ya ce, “Tela, mun bar jakuna a bakin ruwa.” Ɗansa da ke tsaye ya ɗauka ciwon ne ya taɓa masa tunani. Ni na gane. A zamanmu na ƙarshe da Malam Sabi'u, ayari ya iso bakin Kwara, muna jiran mai fito ya ƙetarar da mu, aka kira magariba muka tashi. A nan muke tun lokacin.

Na dawo gida da wannan a raina. Mun rasa ɗaya, ga na biyu a kwance. In na ci gaba da zagayen da nake yi, na san inda za mu sake haɗuwa mu duka, kuma ba a kan tabarmar wasa ba ne. Hanya ɗaya na san tana aiki, ita ce kuma wadda na yi shekara shida ina tuhumar abokina a kanta.

Ranar Lahadi na hau mashin na tafi tashar Ɗanbatta. Na tarar da Garba yana ɗaure buhuna a bayan mota, saura fasinja biyu ta cika. Muka gaisa. Na ce, “Direba, Alhamis bayan la'asar, a zauren Alhaji. Kowa ya amsa, kai kaɗai ake jira.”

Ya saki igiyar ya juyo ya ƙare mini kallo. Ya ce, “Ƙarya kake, Tela. Ko iya ta ba ka yi ba, dubi yadda kunnenka ke rawa.” Na sunkuyar da kai. Sai ya ce, “Alhamis ta jibi-jibin nan ko ta sama?”

Na ce ta wannan satin. Ya ce zai zo. Na tsaya ina kallonsa, na ce ai ka san ba gaskiya ba ne. Ya ce, “To da can ban sani ba ne? Tun shekarar farko na gane shi. Na taɓa haɗuwa da Alhaji a hanya bayan Malam Sabi'u ya bar ni, na ce sai Laraba, ya ce wace Laraba?” Na ce to me ya sa ka yi shiru? Ya ja igiyar ya ɗaure ya ce, “In na ce wa mai mota zan ajiye lodi in je wasa, me kake jin zai ce? In na ce wa uwar yara haka fa, ga gida ba cefane? Amma in na ce dattawa huɗu suna zaune suna jirana, har da Malam Inuwa, sai a ce yi sauri kada ka shanya su. Ni kaina abin da nake faɗa wa kaina ke nan.”

Na ce, amma ranar makoki kai ne ka ce kullum kai ne na ƙarshe, har da hawaye. Ya ce, “Oho, Tela. Na san ƙarya ce, kuma na yarda da ita. Duka biyun.” Kamasho ya buga motar ya ce ta cika, ya shiga ya tayar.

Na biya wajen Alhaji na faɗa masa ranar, ya gyaɗa kai. Malam Inuwa na bari ƙarshe da gangan, don ban ga yadda zan tsaya gaban mai allo a hannu in faɗi abin da ba shi ba. Da na faɗa masa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wannan karon gaskiya ce?” Na ce gaskiya ce, Malam. Ya ce, “To ai ni dama na faɗa muku, na huɗun gaskiya ake faɗa masa.”

Ranar Alhamis muka haɗu, mu huɗu, karo na farko a shekara shida ba a wajen jana'iza ko ɗaurin aure ba. Aka jingina Alhaji da matashi. Ba mu yi shawarar wanda zai zama madugu ba, sai kawai na ga an turo mini hula da wake. Na riƙe ta. Ban san abin da Malam Sabi'u ya tanada a ƙetaren ruwan ba, bai rubuta ba, bai faɗa wa kowa ba. Har na fara tunanin kuskure na yi da na tara su. Sai Garba ya gyara murya ya ce, “Madugu, rana tana yi. Za a ƙetare ne ko a nan za a kafa gari?”

Na ce mai fito ya iso, amma jirginsa jaki biyu kawai yake ɗauka, kuma ruwa ya cika. Nan take gardama ta tashi a kan jakin da za a fara sawa. Malam Inuwa ya ce shi zai fara shiga da takobinsa ko da wani abu a can. Alhaji ya yi magana ba mu ji ba, ya maimaita, ashe cewa yake tukunyarsa ba za ta shiga jirgi ɗaya da jakin Garba ba, don ya san halinsa. Na miƙa masa hula, ya sa hagu ya daɗe yana lalube, ya zaro fari. Ya yi dariya da rabin fuskarsa har sai da aka goge masa baki. Daga cikin gida aka aiko mana da fura, aka ce Hajiya ta ce tun da ya kwanta ba ta ji wannan muryar ba. Ban iya labari kamar Malam Sabi'u ba, sau biyu ina manta sunan mai fiton da ni na raɗa masa. Kafin a kira magariba rabin jakunan ne suka ƙetare.

Da muka miƙe, Alhaji ya ce, “Yaushe?” Su ukun suka dube ni.

To wannan shi ne abin da ya rage mini na abokina, kuma ban san sunan da zan ba shi ba. Ɗalibansa sun gaji karatu, 'ya'yansa sun gaji gona da keken. Ni na gaji magana guda wadda ba gaskiya ba ce lokacin da ake faɗarta, sai daga baya take zama gaskiya, in mutane sun ji kunyar juna sun zo. Na tambayi Malam Inuwa ko akwai laifi in wanda ake faɗa wa ya san ba haka ba ne. Ya ce zai duba, har yau bai ce mini ya duba ba, shi ma kuma bai fasa zuwa ba. Don haka nake nema mana gafara mu biyu, ni da Malam Sabi'u, ba tare da na tabbata akwai abin gafartawa ba. Mun zauna sau biyar yanzu. Alhaji yana raye, yana ƙirga ranaku da yatsun hagunsa. Zama na shida ban sa rana da kowa ba tukuna, gero ya isa yanka, kowa yana gona. Jibi da safe zan hau mashin in je tasha, kuma na san abin da zan ce wa Garba.

Allah ya haskaka kabarin Malam Sabi'u, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu gane ba.